Zara da Gamzaki: Karatun Sama Ga Yaran Matankari

Da magariba a Matankari, idan kasuwa ta watse, yara kan nuna tauraro mai haske a yamma su ce ga Zara matar wata. Da asuba kuma masu sammakon zuwa Dogon Dutsi su ce Gamzaki ya fito. To iyayenmu mata, kun san su biyun abu ɗaya ne? Masana ilimin taurari sun tabbatar cewa duniya ce mai zagaya rana kamar tamu, ba ta da hasken kanta, na rana take aro. Wani lokaci ta bayyana da yamma, wani lokaci da asuba.

Irin wannan sani yana da amfani ga yaro. Shekarar wata kwana 354 ce, ta gaza ta rana da kusan kwana 11. Shi ya sa azumi da babbar salla suke matsowa kowace shekara, kuma mai sayar da raguna ko dabino ya san haka a aljihunsa.

A wasu ƙasashe akwai gidajen duban taurari, inda ake kafa manyan madubai a kan tsaunuka, nesa da fitilun birni. Na Sutherland a Afirka ta Kudu, wanda aka buɗe babban madubinsa a 2005, faɗin madubin ya kai mita 10. Maroko ma ta buɗe nata a tsaunin Ukaimeden a 2007. Mu a Arewa muna da abin da suke nema da kuɗi: duhun dare da sararin sama.

Sai dai a yi hattara. Ranar 29 ga Maris 2006 husufin rana ya ratsa Nijar har gari ya yi duhu a wasu yankuna. Wani zai zo ranar 2 ga Agusta 2027, mu nan wani ɓangaren rana za a rufe mana. Yaron da ya ƙura wa rana ido yana iya rasa ganinsa, kuma baƙin tabarau ba ya karewa. A huda kwali da allura, a juya wa rana baya, a kalli hotonta a ƙasa.

Don haka uwa, idan ɗiyarki ta tambaye ki inda Kaza da ƴaƴanta suke zuwa, kada ki kore ta. Ki faɗa mata abin da kaka ta faɗa miki, gobe ta kai tambayar wurin malaminta a lakwal.