Abincin kifi a Ringim

Abincin kifi a Ringim ya ƙunshi hanyoyin da mutanen garin Ringim da ƙauyukan kewayensa ke bi wajen sarrafa kifi da sayar da shi da cinsa, a gida ko a bakin kasuwa. Ringim ƙaramar hukuma ce a Jihar Jigawa, wadda aka ƙirƙira a ranar 27 ga Agusta, 1991, kuma ita ce hedikwatar Masarautar Ringim mai ƙananan hukumomi huɗu: Ringim da Taura da Garki da Ɓaɓura.

Tushen kifin

Mafi yawan ɗanyen kifin yankin yana fitowa ne daga Kogin Haɗejia da fadamun da yake cikawa da damina. Kogin yana samuwa ne daga haɗuwar Kogin Kano da Kogin Challawa, ya bi ta Wudil da Ringim da Haɗejia, sannan ya haɗu da Kogin Jama'are su zama Komadugu Yobe, wanda ke zuba a Tafkin Chadi. Masunta suna amfani da taru da birgi da koma da ƙugiya. An fi samun kifi bayan damina, lokacin da ruwa ya fara janyewa ya bar shi a tafkuna da kududdufai.

Ire-iren kifi

Daga cikin kifayen da aka sani akwai tarwaɗa da karfasa da ƙurungu da ragon ruwa da gaiwa. Gaiwa tana iya binne kanta cikin laka ta rayu har rani ya wuce. Ana kuma sayar da tarwaɗar kiwo da kifin ƙanƙara na teku da ake shigowa da shi daga ƙasashen waje.

Yadda ake sarrafawa

Farfesun kifi ana yin sa da attaruhu da albasa da citta da masoro da kanumfari. Soyayyen kifi kuwa masu tebur ne ke sayar da shi da yamma a tasha da bakin titi, a barbaɗa masa yaji, a ci da burodi ko gurasa ko dafaffen rogo. Banda ita ce tsohuwar hanyar adanawa: ana shanya kifi a kan waya bisa wuta mai hayaƙi har ya bushe, ya daɗe bai lalace ba. Da shi ake gyara miyar kuka da ta kuɓewa.

Kwatanci da Peru

A ƙasar Peru da ke Kudancin Amurka, abincin da ya fi shahara shi ne ceviche: ɗanyen kifin teku da ake yankawa ƙanana a jiƙa a ruwan lemun tsami da gishiri da albasa da barkono. Ana bikin ranarsa a 28 ga Yuni, kuma a Disamba 2023 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da suka cancanci kariya. A ƙasar Hausa ba a cin ɗanyen kifi. Wannan yana da fa'ida ga lafiya, domin kifin kogi yakan ɗauki tsutsotsi, kuma lemun tsami ba ya kashe su kamar yadda wuta ke yi.

Ƙalubale

Madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa da aka kammala a 1992 sun sauya yadda kogin ke cika da janyewa, sun rage fadamun da kifi ke hayayyafa a cikinsu. Ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa da dama a kwarin, abin da ke hana masunta shiga, yake kuma ƙara haɗarin ambaliya irin wadda ta auka wa Ringim a 2022. Taru mai ƙananan idanu yana kwashe 'ya'yan kifi tun ba su girma ba. Haka nan wasu 'yan kasuwa kan fesa wa busasshen kifi maganin ƙwari don hana shi ruɓewa, al'adar da hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kanta saboda illarta ga masu ci.