Ƙarancin Sinadarin Ƙarfe da Raguwar Ƙamshin Ɗoɗɗoya da Na'ana'a a Birnin Zariya

Jar ƙasar Zazzau ba ta rasa ƙarfe ba, domin shi ne ya ba ta launinta, kuma daga tamarta maƙeran dā suka narko ƙarfe a kewayen Samaru. Duk da haka, ɗoɗɗoya da na'ana'ar da ake shukawa a tsakar gidajen cikin ganuwa kan iya fama da ƙarancinsa, saboda saiwa ba ta shan ƙarfe sai wanda ya narke a ruwan ƙasa.

Narkewar ta dogara da ma'aunin pH, wato gwajin da ke nuna ko ƙasa ta karkata ga tsami ko ga kanwa. Idan ma'aunin ya ƙaru da ɗaya, narkewar ƙarfe kan ragu har ninki 1,000, shi ya sa tokar murhu da ruwan sabulu da ɓurɓushin siminti, waɗanda ake yawan zubawa a gindin shuka kuma suke ɗaga ma'aunin, ke ɗaure shi a ƙasa. Sai sabon ganye ya ɗashe ya yi rawaya, jijiyoyinsa na nan kore, yayin da tsofaffin ganyaye ba su sauya ba, tunda tsiro ba ya iya kwaso ƙarfe daga tsohon ganye zuwa sabo. Tun a shekarun 1840 Eusèbe Gris ya nuna a Faransa cewa gishirin ƙarfe na maido da koren.

Asarar ƙamshin ce ba a cika lura da ita ba. Man ƙamshi, wato mai saurin tashi a iska da ke taruwa a ƙananan jakunkuna bisa fatar ganye, daga sukari ake gina shi, sukarin kuwa ba ya samuwa sai da kulorofil, koren sinadarin da ke kama hasken rana, wanda ba ya haɗuwa ba tare da ƙarfe ba. Wasu inzayim, sinadaran da ke tafiyar da haɗa mentol, mai ba da ƙamshi a na'ana'a, su ma ƙarfe ne a tsakiyarsu. Saboda haka ganyen kan ƙanƙance, man da za a samu kuma ya ragu.

Ƙara takin NPK, wanda shi mutane suka fi garzayawa gare shi, ba ya magance wannan. Abin da ke aiki shi ne janye toka, da zuba ruɓaɓɓen takin gida, da buɗe wa ruwa hanya kada ya kwanta, sannan a fesa salfet na ƙarfe mai ruwa-ruwa a ganye da yamma. Mai noma don kasuwa gara ya fara da kai ƙasarsa gwaji, kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda tushenta ya faro daga 1922, ba ta da nisa sosai da birnin.