Faci da Keken Lantarki: Misali daga Samnu ta Ƙasar Fezzan

Kalmar "faci" ararriya ce daga Ingilishi, kuma a can asalinta tana nufin ɗan ƙyalle ko ɗan roba da ake liƙawa a kan huda. Da ta shigo Hausa sai ma'anarta ta faɗaɗa, ta haɗe cutar da maganinta. Ana cewa "taya ta yi faci" idan ta huje, ana kuma cewa "an yi mata faci" idan an gyara ta, shi kuwa mai sana'ar ana ce masa "mai faci". Wannan takarda ta duba yadda ake kauce wa faci na farko, wato hujewa, a keken lantarki.

Samnu ƙaramin gari ne mai gonakin dabino a arewa maso gabas da Sabha, a kudancin Libya. Yankin Fezzan ba baƙo ba ne ga Hausawa, domin ta cikinsa ayarin fatake ke bi tsakanin Kano da Tarabulus, kuma har yau akwai masu jin Hausa da yawa a Sabha. An zaɓi garin ne saboda abubuwa uku da ke kashe taya sun haɗu a cikinsa: ƙaya da zafi da nisa tsakanin gari da gari.

Da farko ya kamata a san dalilin da ya sa faci ya fi ɗaga hankali a keken lantarki. Keken da aka saba da shi nauyinsa kilo 12 zuwa 15 ne, na lantarki kuwa yakan kai kilo 20 zuwa 30 saboda batir da inji. Ga kuma gudu: ko a Turai, inda doka ta ce injin ya daina turawa a kilomita 25 cikin sa'a, wannan ya wuce gudun mai tuƙi da ƙafa a hankali. Nauyi da gudu su ke danna ƙaya ta shige roba. Sannan a yawancin waɗannan kekuna injin yana cikin cibiyar wilin baya ne, da wayar wuta da ta fito daga jikinsa, da notoci masu tauri. Cire wannan wili a bakin hanya aiki ne babba. Abin takaici kuma tayar baya ce ta fi hujewa, domin ita ke ɗauke da mafi yawan nauyi, kuma sau da yawa tayar gaba ce ke tayar da ƙusa tsaye ta baya ta taka.

A wuri irin Samnu babbar abokiyar gaba ita ce ƙayar dabino. Tana fitowa a gindin reshe, tsawonta kan kai na yatsa ko ya fi, kuma idan ta bushe tana da taurin allura. Manoma kan sare ta kafin su hau itace, don haka hanyoyin cikin gona ne suka fi haɗari, musamman inda rairayi ya rufe ta. A ƙasar Hausa tsaida ce ke wannan aiki, tare da ƙayar aduwa da ta bagaruwa. Ɗan tsaida an yi shi ne ta yadda duk inda ya faɗi akwai tsini da ke kallon sama. A Amurka ma sunan da ake kiran wannan ciyawa da shi yana nufin mai huda taya. Ƙarangiya kuwa, duk da ƙaurin sunanta, tufafi ta fi damu.

Sai dai ba kowane faci ne ƙaya ke jawowa ba, kuma a nan ne mutane da yawa ke kuskure. Idan iska ta yi ƙaranci, keke ya faɗa rami ko ya hau dutse, taya kan lotse har bakin ƙarfen wili ya matse tub ya tsaga shi. Alamar wannan ita ce huda biyu a jere kamar saran maciji. Maganinsa iska daidai, ba taya mai tsada ba. A gefen yawancin tayoyi akwai lambobi biyu, mafi ƙaranci da mafi yawa, kuma keken lantarki mai ɗaukar kaya ya fi son kusa da na sama. Matsa taya da yatsa ba awo ba ne, geji ake bukata, sau ɗaya a mako, domin tub lafiyayye ma yana sace iska a hankali.

Zafi yana da nasa lissafi. Tayar da aka cika zuwa bar 3.5 da asuba, lokacin da zafi ke digiri 20, za ta kai kusan bar 3.9 idan iskar cikinta ta kai digiri 45. Sabuwar taya ba ta jin wannan, amma tsohuwa da rana ta tsattsaga gefenta tana iya fashewa. Saboda haka a auna iska da safe, kada a wuce lambar sama, a kuma ajiye keke a inuwa. Batir ma zai amfana.

Game da kayan kariya, taya mai kaurin ciki ce ta fi cancantar kuɗin mutum. Misali, Marathon Plus ta kamfanin Schwalbe na Jamus tana da shimfiɗar roba mai kaurin milimita 5 a ƙarƙashin fatarta, wadda da wuya ɗan tsaida ya keta ta, kodayake doguwar ƙayar dabino tana iya shiga ta gefe. Nauyinta, wanda mai tuƙi da ƙafa ke ƙorafi a kai, ba ya damun mai inji. Akwai kuma ruwan toshe huda da ake ɗurawa ta bawul: idan ƙaya ta shiga, iska na tura ruwan cikin hudar ya daskare. Yana aiki sosai a kan ƙananan huda, amma ba ya maganin tsaga, kuma zafin Sahara na busar da shi da wuri. Dabarar sanya tsohuwar taya a cikin sabuwa tana tare ƙaya, sai dai idan ba a goge bakin yankan ba shi ne zai ci tub.

Idan kuma facin ya riga ya auku, ba dole ne a cire wilin baya ba. Ana kashe wutar keke, a kwantar da shi, a ɓalle gefe ɗaya na taya, a zaro tub daidai wurin hudar, a kankare shi, a shafa gam a bar shi kamar minti 5 ya sha iska kafin a liƙa. Gaggawar liƙawa a kan ɗanyen gam ita ke sa faci ya ɗaye. Kafin a mayar da tub, a bi cikin taya da tsumma a hankali, domin ƙayar dabino takan karye ta bar kanta a cikin roba. Idan kuwa hudar tana ɓangaren da ke kallon wili, to laifin ba na hanya ba ne: robar da ke rufe kawunan wayoyin wili ce ta goce ko ta cinye, kuma sai an sake ta.