SABON JIKI, TSOHUWAR TAKARDA

Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Kuseri zuwa Marwa da Garwa a Peugeot 504, wadda muke kira Fijo, ya san haka. A Faransa aka fara ƙera ta a 1968, daga baya aka riƙa harhaɗa ta a Kaduna. Yau waɗanda suka rage sun zama abin tunawa, kuma da yawa daga cikinmu na son su tada ta mahaifinsu.

To, amma ramukan hanya da tsatsa sun cinye ƙasan motar. Sai makanike ya kawo shawara: a sayo jikin wata Fijon da injinta ya mutu, a juye masa inji da giya da kujeru. A nan ne gizo ke saƙar.

Fijo ba kamar tsohuwar Land Rover ba ce, wadda aka ɗora mata jiki bisa shasi dabam. Ita jikinta da shasinta abu guda ne, kuma a jikin ne kamfani ya buga lambar da ke rubuce a takardar mota, wato kart giriz. In an sake jiki, an sake mota ke nan, takarda kuwa tana nan tana shaidar wadda aka yar a bayan gareji.

Wasu sukan yanko lambar su liƙa ta da walda a sabon jikin. Jama'a, wannan jabu ne, kuma dabarar ɓarayin mota ce. Ranar da jandarma ya leƙa, ko ma'aikacin duwan a gadar Ngeli ta shiga Njamena, ya ga tabon walda, mai mota ne zai amsa tambaya, ba mai walda ba.

Shawararmu ita ce: kada a sayi jiki sai da takardarsa da shaidar ciniki. Kafin a kwance ko noti ɗaya, a je ofishin ma'aikatar sufuri a bayyana abin da ake nufi.

Sannan ranar sayarwa a faɗa wa mai saye gaskiya, domin ɓoye aibin haja algus ne, addininmu ya hana. Motar Baba mai faci goma ta fi mai sheƙi da lambar aro daraja. Allah ya tsare mu.