Wace Ce Sarauniyar Fim? Gardamar Da Ta Ƙi Ci Ta Ƙi Cinyewa A Ƙasar Adar

Duk wanda ya taɓa zama a fadar samari a ƙasar Adar bayan sallar isha'i, lokacin da aka ɗora butar shayi a kan gawayi, ya san akwai gardama iri biyu da ba a gama su a zama ɗaya: ta 'yan kokawa da ta 'yan fim. Ta kokawa ma da sauƙi, domin kuwa akan yi gasar takobi a Nijar, a ga wanda ya kayar da kowa, magana ta ƙare sai wata shekara. Amma idan aka ce wace ce ta fi kowa a cikin matan da suka fito a fim a 'yan shekarun nan, to babu alƙali, babu takobi, sai dai shayi ya ƙare kowa ya tashi da nasa ra'ayin.

Ibohamane ƙaramar hukuma ce a gundumar Keita ta jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar, ƙasar duwatsu da kwari, inda noma da kiwo da tafiya bida suke riƙe da gidaje. Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa gari irin wannan da taurarin fim? Amsar ita ce 'yan bida. Shekara da shekaru samarin Keita da Buza da Madawa suna tafiya cin rani Kano da Sakkwato da Legas da Abijan, kuma idan damina ta kawo kai suka juyo gida, a cikin tsarabar da sukan shigo da ita ta Illela da Ƙonni ba a rasa kaset. Daga baya kaset ya koma faifan CD, faifan ya koma ɗan katin waya da ake cika shi da finafinai a kasuwa. Don haka fim ɗin da aka ɗauka a Kano, ba ya daɗewa sai ka gan shi a gidan bidiyo ana tada janareta dominsa.

Abin da muka lura da shi shi ne, duk mai gardamar nan zamaninsa yake karewa. Faɗa mana shekarar da mutum ya fara tafiya bida, mu faɗa maka tauraruwarsa.

Dattawan da suka shiga silima a birane tun kafin a san bidiyo, su a wurinsu maganar ma ba ta Hausa ba ce. Indiyawa suka sani. Za su kawo maka Nargis ta fim ɗin Mother India na 1957, wanda aka yi ta haska shi a silimomin ƙasar Hausa har mutane suka haddace shi ba tare da sun ji yaren ba. Za su kawo Hema Malini da Rekha, waɗanda suka biyo bayansu kuma su ce Sridevi, wadda ta rasu a 2018, ko Madhuri Dixit. Hujjarsu ɗaya ce, kuma ba ta raini ba ce: matar da za ta sa ka kuka alhali ba ka jin ko kalma ɗaya daga bakinta, ai ta iya aikinta. Muna ganin suna da gaskiya daidai gwargwado, sai dai sun manta cewa waɗancan suna da masana'antar da ta daɗe da kafuwa a bayansu, ga kuɗi, ga malaman rawa, ga kayan aiki.

Zafin gardamar yana wurin 'yan zamanin kaset, wato magidantan da yanzu suka haura shekara 40. Fim ɗin Hausa na kasuwa ya fara ne da Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar a 1990, amma bai zama ruwan dare ba sai ƙarshen shekarun 1990. A 1999 mujallar Fim ta fara fitowa, a shekarar ne kuma Sunusi Shehu Daneji ya raɗa wa masana'antar suna Kannywood a mujallarsa ta Tauraruwa, sannan a wannan tsakanin kamfanin Sarauniya ya fitar da Sangaya. Wanda bai ga yadda Sangaya ya shiga gari ba, ba zai gane dalilin da ya sa har gobe wasu ba su yarda a haɗa Fati Muhammad da kowa ba. Ta fito a matsayin Zubaina tare da Ali Nuhu, kuma daga nan sunan Zubaina ya bi ta. Ba yawan magana take yi a fim ba, kunya da sunkuyar da kai ne jarinta, kuma a ganin masoyanta ita ce hoton 'yar Hausa ta gari.

To amma fa a nan ne 'yan ɓangaren marigayiya Hauwa Ali Dodo suke miƙewa tsaye. Su cewa suke a fito a matsayin baiwar Allah mai haƙuri ba wani abin wahala ba ne, domin tausayin 'yan kallo ya riga ya yi rabin aikin. Wahala ita ce ki fito a muguwar kishiya har mutane su tsane ki, su kuma kasa daina kallonki. Abin da Hauwa ta yi ke nan a Ki Yarda Da Ni, fim ɗin da aka ɗauko daga littafin Bilkisu Funtuwa, inda ta samo sunan Biba Problem da ya bi ta har ranar da ta rasu a haɗarin mota a farkon 2010. Idan iya wasa kaɗai za a duba, mu dai a nan muka fi karkata. Kuma wannan layin ne Saratu Giɗaɗo, wato Daso, ta riƙe fiye da shekara 20 har zuwa rasuwarta a watan Afrilu na 2024. Sai da ta rasu mutane da yawa suka gane cewa matar da suke zagi a fim ita ce ta fi sa su zama a gaban allo.

Ba za a bar wannan zamani ba a ambaci Wasila Isma'il, wadda fim ɗin Wasila na 2000 ya ɗaga, da Abida Muhammad da Saima Muhammad da Safiya Musa da Rukayya Dawayya da Mansura Isa. Kowace tana da mutanenta. Akwai kuma wani abu da masu gardama kan tsallake, wato muryar da aka so a bakin tauraruwa galibi ba tata ba ce, ta mawaƙiyar bayan fage ce. Ɗaya daga cikin waɗannan muryoyi, Binta Labaran da aka fi sani da Fati Nijar, 'yar Maraɗi ce.

Su kuwa samarin waya, duk wannan tarihi ne a wurinsu. Nasu sunayen su ne Hadiza Gabon, wadda aka haifa a Libreville ta zo ta koyi zama da Hausar Kano da Kaduna har ta fi wasu 'yan gida. Nafisa Abdullahi 'yar Jos, wadda Sai Wata Rana ya fito da ita a 2010, ta kuma sake tashe a matsayin Sumayya a shirin Labarina na Aminu Saira a 2020. Da Jamila Nagudu, wadda ke shiga rigar 'yar ƙauye ko mahaukaciya kamar don ita aka ɗinka. 'Yan Nijar kan ƙara da tasu, Rakiya Musa. Sai Rahama Sadau, wadda sunanta kaɗai ya isa ya raba fada biyu. Ta shigo a 2013 da Gani Ga Wane, ƙungiyar masu shirya fim ta MOPPAN ta kore ta a 2016 saboda fitowar da ta yi a bidiyon waƙar ClassiQ, ta tafi finafinan Kudu, har ta kai ga fitowa a fim ɗin Indiya, Khuda Haafiz kashi na biyu, a 2022. Masoyanta suna cewa babu wadda ta kai sunan 'yar Hausa inda ta kai shi. Masu suka suna cewa ai a nan matsalar take. Akwai kuma Maryam Booth, wadda rawar da ta taka a The Milkmaid ta ba ta kyautar AMAA ta Afirka a 2020, abin da samarin kan kafa hujja da shi cewa na yanzu sun fi na da.

Mu dai muna ganin akwai wani rashin adalci a tushen gardamar kanta. Ali Nuhu da ya fito da Fati Muhammad a Sangaya bai taɓa barin fage ba, ya fito da 'yan matan da aka haifa bayan fim ɗin, har a 2024 aka naɗa shi shugaban Hukumar Fina-finai ta Najeriya. Ita kuwa Fati tana tsakiyar tashe ta yi aure ta bar harkar. Haka aka yi da mafi yawan sa'o'inta. Namiji yana da shekara 25 ko fiye ya gyara kurakuransa a gaban kyamara, mace kuwa sau da yawa shekara huɗu ko biyar gare ta, sannan a ce ta zaɓa tsakanin sana'a da ɗakin miji. Idan ta yi aure ta fita a ce masana'anta ta yi rashi, idan auren ya mutu ta dawo a ce 'yan fim ba su zaman aure. Haka kuma duk lokacin da aka yi rikici, kan mata ake fara saukewa. A 2007, bayan ɓullar wani bidiyon waya na wata 'yar wasa, gwamnatin Kano ta naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban Hukumar Tace Finafinai, aka dakatar da ɗaukar fim na wata shida, 'yan wasa da dama suka yi ƙaura zuwa Kaduna, wasu matan kuma ba a sake jin ɗuriyarsu ba.

Ga kuma maganar abin da ake samu. A 2022 dattijuwa Ladin Cima ta faɗa wa Sashen Hausa na BBC cewa 'yan dubban nairori ake ba ta idan ta fito a fim, duk da shekarun da ta kwashe a sana'ar. Wasu furodusoshi sun musanta, aka yi ta cacar baki, amma maganar ta buɗe idon masu kallo da ke zaton duk wadda ta fito a allo ta warke.

Wannan ya kawo mu ga sunan da ba kasafai ake jin sa a fadar shayi ba, ko a Ibohamane ko a Kano, alhali ita ce ya kamata a fara da ita. Zalika Souley 'yar Nijar ce, an haife ta a Yamai a 1947. A 1966, shekara 24 kafin Turmin Danya, tana budurwa ta fito a fim ɗin Le Retour d'un aventurier na Moustapha Alassane, labarin wani saurayi da ya dawo daga ƙasar waje da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi ƙauye. Ita ce mace a cikin kaboyin, da wando da hula da bindiga, a lokacin da ganin mace a wando kaɗai abin magana ne. Masana tarihin fim suna lissafa ta a matsayin mace ta farko da ta riƙi wasan fim sana'a a Afirka ta kudu da Sahara. Ta yi aiki da Oumarou Ganda a Cabascabo, sannan a Le Wazzou polygame, inda ta fito a matar da kishi ya kai ta ga aikata ta'asa. Wannan fim shi ne ya fara cin babbar kyautar Yennenga a bikin FESPACO na Wagadugu a 1972. Ke nan kafin Biba, kafin Daso, an yi Zalika.

Kuma abin da ya same su ya same ta, har ya fi. Mutane sun kasa raba matar da ke allo da matar da ke tafiya a titi, aka yi ta jifanta da miyagun kalamai saboda rawar da take takawa. Da harkar fim ta durƙushe a Nijar a shekarun 1980, sai ta koma ba aiki ba kuɗi. Rahmatou Keïta ta bi ta da kyamara ta shirya fim a kan rayuwarta mai suna Al'lèèssi, wanda aka nuna a bikin Cannes na Faransa a 2005, inda aka ga tsohuwar tauraruwa a ɗan gida a Yamai da 'ya'yanta, ko ruwan famfo babu. Daga baya ta tafi ƙasar waje ta yi aikatau. Ta rasu a Yamai ranar 27 ga Yuli, 2021.

Me ya sa Ba'adare ya san Sridevi bai san Zalika ba? Ba laifinsa ba ne kacokan. Finafinanta a kan faifan silima aka ɗauke su, yawanci da Zabarmanci ko Faransanci, sun fi yawo a bukukuwan Turai fiye da kasuwannin ƙauye, kuma babu ɗan kasuwar da ya juye su a kaset ya kai su Madawa ko Buza kamar yadda aka yi da na Kano. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne, mutumin da ya fara sa ta a gaban kyamara, Moustapha Alassane, a garin Tawa ya zauna shekaru masu yawa, yana da otal a can, ya mai da wani sashe nasa wurin aikin fim, har zuwa rasuwarsa a 2015. Samarin Keita nawa ne suka ratsa Tawa za su bida ba su san wanda ke zaune a garin ba?

Akwai kuma waɗanda ba a tambayar ra'ayinsu sam, domin fada ta maza ce. Matan wannan yanki su ne suka ɗauki kaso mafi tsoka na aikin jidar dutse da dasa itatuwa a shirin raya ƙasa na Keita da aka fara a 1984 da tallafin Italiya, lokacin da mazan suka tafi bida. Su ne kuma, da 'ya'yansu mata, manyan masu kallon fim ɗin Hausa a cikin gida. A iya saninmu da hirar mata, ba wadda ta fi kyau ko ta fi rawa suke nema ba. Sun fi tuna wadda ta fito a uwargida da aka yi wa kishiya, ko surukar da ta hana gida zaman lafiya, ko matar da miji ya tafi ya bari da yara, domin waɗannan sun san su ido da ido. Da a tsakar gida za a yi zaɓen, muna kyautata zaton Daso da Hauwa Ali Dodo za su ba 'yan mata da yawa rata.