Diyyar Raunin Aiki da Haɗarin Kafafen Sada Zumunta

Diyyar ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki haƙƙi ne da Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta tabbatar. Hukumar NSITF ce ke riƙe da asusun diyyar, inda masu ɗaukar ma'aikata ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da suke biya. Dokar ta game lebura, da ɗan wucin gadi, da mai koyon sana'a, ko da yarjejeniyarsu ta baka ce. Don haka ta shafi samarin Makoda da ke tafiya ci-rani masana'antun Bompai, Sharaɗa da Challawa, ko wuraren gini a Kano.

Da hujja ake samun wannan haƙƙi. Mai rauni zai sanar da ubangidansa cikin kwana 14, ubangidan ya kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7, sannan a shigar da takardar neman diyya cikin shekara guda. Wanda bai gamsu da hukuncin ba yana da kwana 180 ya nemi a sake dubawa, daga nan sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da reshe a Kano. A kowane mataki ana auna maganar mai nema da rahoton likita. A nan ne waya ke iya yi wa mai ita illa.

Mutane da yawa sun ɗauka abin da aka sa a status na WhatsApp hira ce tsakanin 'yan uwa, tunda hoton yana ɓacewa bayan awa 24. Ba haka ba ne. Mutum guda ya isa ya adana shi ya tura gaba, kuma sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba kotu damar karɓar abin da aka ciro daga na'ura in an cika sharuɗɗa. Magana zarar bunu ce, ta intanet kuwa da kwanan wata take fita.

Mai gaskiya ma bai tsira ba. Wanda inji ya taɓa wa hannu ya dawo gida jinya, damina ta kama, aka fita gayya, ya riƙe fartanya na ɗan lokaci don kara, wani ya ɗauke shi bidiyo ya sa a TikTok. Bidiyon ba zai nuna raɗaɗin da ya hana shi barci a daren ba. Lauyan ɗaya ɓangaren zai ce ga mai noma da hannun da aka ce ya nakasa. Haka nan al'adar dauriya: ana gaishe shi da jiki a Facebook, ya rubuta cewa ya warware don hankalin dangi ya kwanta, alhali takardar asibitin ƙashi na Dala ta ce da saura. Ba da labarin haɗarin sau biyu da kalmomi mabambanta na jawo shakku a kan lokaci da wuri. Zagin kamfani da suna kuma na iya haifar da ƙarar ɓata suna.

Goge abin da aka riga aka wallafa ba magani ba ne, domin ana iya ɗaukarsa a matsayin ɓoye shaida. Abin da ya fi shi ne mai nema ya dakatar da wallafa komai game da jikinsa, aikinsa da shari'arsa har a kammala, ya roƙi dangi da abokai kada su sa hotonsa, ya guji karɓar abotar baƙin fuska. Hotunan rauni da na wurin haɗari suna da amfani ƙwarai, amma wurinsu hannun lauya, ko ƙungiyar ƙwadago, ko jami'in hukumar.

Da yawa daga cikin masu ci-rani sun fi sanin wayarsu a kan wannan doka, kuma nauyin wayar musu da kai da Hausa, a rediyo da ranakun kasuwa, yana wuyan hukumar da ƙungiyoyin ƙwadago.