Shirin Musamman: Bala Miller, Mabushin da Ya Ɗora Hausa a Kan Badujala

(KIƊAN BUƊE SHIRI: busa ta tashi, sannan a sassauta)

 Muna gaida mutanen Kiyawa da Shuwarin da Andaza da Katanga da Balago, da na Dutse Gadawur, da duk inda muryarmu ta kai a faɗin Jihar Jigawa. Shirinmu na musamman na yau a kan busa yake, da kuma wani ɗan Arewa da ya ƙarar da rayuwarsa a kanta, wato marigayi Bala Miller.

Mutumin ƙasar Dutse ba baƙon busa ba ne. Ranar hawan Sallah, idan hakimai suka hallara da jama'arsu a ƙofar fada a Garu, kafin ido ya hango Sarki kunne ya riga ya ji kakaki. Dogon ƙarfe ne wanda ba shi da ramin yatsa ko ɗaya. Leɓen mabushi da ƙarfin ƙirjinsa su ne komai. Ga mai algaita a gefe, kumatu a kumbure, yana shaƙar iska ta hanci yana turawa ta baki, sauti bai yanke ba. Wannan busar sarauta ce, gadonta ake yi, kuma tana da ƙa'ida: ba kowa ake busa wa kakaki ba.

Akwai busa ta biyu wadda ta shigo ƙasar nan tare da sojan Turawa, ita ce badujala. Ita ba ta da gidan gado. Gidanta barikin soja ne da na 'yan sanda da makarantun mishan, kuma duk yaron da ya sami kayan ya jure wa koyo, zai iya. Ta wannan ƙofa Bala Miller ya shigo.

(KIƊA)

An haife shi a Pankshin, cikin Jihar Filato ta yanzu, a shekarar 1928. Mahaifinsa Bahaushe ne mutumin Zariya, limamin coci, wanda aiki ya riƙa kai shi gari-gari. Da aka mayar da shi Lakwaja, can yaron ya tarar da kayan busa a coci, ya kama taɓa wannan yana gwada wancan, har ya shiga cikin mabusa tun yana ƙarami. Daga nan aka tura shi Legas karatu, a makarantar CMS Grammar School, wadda aka kafa tun 1859. Yana ɗalibi yake bin ƙungiyar Calabar Brass Band, masu busa a kan titi da wuraren biki.

Ku ɗan tsaya a nan, masu sauraro, domin a wannan busar titi aka gina duk abin da ya biyo baya. Mabushin titi ba shi da lasifika. Tafiya yake yana busa, rana na dukansa, jama'a na hayaniya, kuma dole na can ƙarshen layi ya ji shi. Kakakin Turawa da ake kira tirampet maɓalli uku kacal gare shi. Sauran muryoyin duk daga leɓe suke fitowa: a matse shi murya ta hau, a sassauta ta sauka. Wanda ya bar busa na 'yan kwanaki, leɓensa zai faɗa masa. Saboda haka mabushi ba ya hutu da gwaji, komai shahararsa.

Legas ta shekarun 1950 garin kiɗan hailaif ce, kuma mabusa su ne shugabannin ƙungiyoyi. Bala Miller ya yi aiki da Sam Akpabot, wanda daga baya ya zama babban malamin kiɗa a jami'a, ya kuma yi hulɗa ta kusa da Victor Olaiya, gwanin tirampet wanda ƙungiyarsa ta yi wasa a bikin samun 'yancin kai a 1960. Duk da haka bai saki aikin albashi ba. Da rana yana harkar tallace-tallace a kamfani, da dare yana kan dandamali da tirampet ko jita. Aikin kamfanin ne ma ya dawo da shi Arewa, ya zauna a Kaduna.

A wannan zamani iskar kiɗan Amurka tana kaɗowa da ƙarfi. Kiɗan jaz ya samo asali ne a birnin New Orleans, a hannun baƙaƙen fata, kuma shi ma daga badujalar titi ya tsiro. Babban gwaninsa Louis Armstrong ya koyi busa ne a gidan horon yara, ya zo ya zama mabushin da duniya ta fi sani. A 1960 ya zagaya Afirka, ya iso har Kaduna, inda ya gana da Firimiyan Jihar Arewa, Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello. Shekara 10 bayan haka, a 1970, James Brown ya zo Najeriya da salon fank, inda busa ta daina jan dogon zare, ta koma sara gajere-gajere tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da ganga. Fela Kuti, wanda shi ma tirampet ya karanta a Landan, ya haɗa waɗannan da kiɗan gida ya fitar da nasa salon.

Duk wannan da Turanci ake yi, ko Yarabanci, ko Ibo, ko Turancin buroka. Tambayar da ta rage ita ce: ina Hausa? Muna da Mamman Shata da kalangu, muna da Ɗanmaraya Jos da kuntigi, muna da Ɗanƙwairo da kotso a fada. Amma Hausa a kan jerin mabusa da jita da gangunan zamani, wannan fili ne da ba a cika shigarsa ba. Bala Miller ya shige shi, kuma bai shiga shi kaɗai ba. Sai da ya fara tanadar waɗanda za su shiga tare da shi.

(KIƊA)

A nan labarin ya taɓo mu kai tsaye, mutanen Kiyawa. Kafin 27 ga Agusta 1991, ranar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, Kiyawa da Dutse da Jahun da Birnin Kudu duk cikin tsohuwar Jihar Kano suke. Gwamnan Kano na farko, Alhaji Audu Baƙo, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, ɗan sanda ne, ya san badujala tun daga filin fareti. Mun fi tuna shi da madatsar ruwa ta Tiga da ta Bagauda da Gidan Zu na Kano. Amma shi ne kuma ya gayyaci Bala Miller ya zo ya kafa makarantar koyon kiɗa a Kano. Wato akwai lokacin da gwamnatin da ke mulkin wannan ƙasa tamu ta ɗauki koyon kiɗa a matsayin ilimi, mai aji da malami. Wannan tarihinmu ne, bai kamata ya ɓace mana ba.

A 1977 aka yi bikin al'adun baƙar fata na duniya, FESTAC, daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu. Legas ta karɓi baƙi irin su Miriam Makeba da Stevie Wonder, Kaduna kuma ta shirya gagarumin hawan daba. Bala Miller na cikin waɗanda suka yi aikin tsara ɓangaren kiɗa na bikin. A wannan shekarar ce ya kafa ƙungiyar da sunansa ya tsaya a kanta, Bala Miller and the Great Music Pirameeds of Afrika, mazauninta Kaduna. Ya ɗauki gwanaye, ya ɗauki sababbin hannu, ya zaunar da su ya horar. Kulob ɗin Costain da ke Kaduna ya zama wurin da aka fi saninsu da shi.

Bari mu kwatanta muku yadda irin wannan babbar ƙungiya take aiki a kan dandamali, domin a nan gwanintar take. A baya akwai masu ganga da mai jitar bes, su ne ke riƙe da taki. A tsakiya masu jita da fiyano suna cike gurbi. A gefe guda ga jerin mabusa a tsaye: masu tirampet da murya ta sama, masu saksafon a tsaka-tsaki, mai turambon da murya mai kauri a ƙasa. Mawaƙi ya yi jagora, mabusa su karɓa masa, tamkar yadda 'yan amshin Shata suke karɓa, sai dai su da ƙarfe suke amsawa. Dole su ja numfashi tare, su sara tare, su tsaya tare. Mutum ɗaya ya makara da ƙiftawar ido, duk zauren zai ji. Can kuma sai madugu ya yi wa ɗaya nuni ya fito gaba, ya busa abin da ya zo masa a ransa nan take, wanda bai taɓa busa shi haka ba, ba kuma zai sake ba. Wannan shi ne gadon jaz. Idan ya gama ya koma layi, 'yan'uwansa su rufe masa baya.

Wahalar da Bala Miller ya fuskanta ta fi ta sauran. Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya, mai dogon wasali da gajere. Idan karin kiɗa ya hau a inda kalma take sauka, ma'ana ta karkace, Bahaushe kuma ba zai yafe ba. Mai tsara busa dole ya bi bayan harshen, ya bar wa kalma wurinta, ya saka busa a inda mawaƙi ya numfasa. Wanda ya saurari waƙarsa da ta fi shahara, “Ikon Allah”, zai ji Hausa ta zauna daram a kan kiɗan zamani, ba ta zama baƙuwa ba.

(A SAKA ƊAN YANKI NA BUSA DAGA FAIFAN)

A shekarun 1980 gidan talabijin na ƙasa, NTA, ya riƙa nuna shirinsa mai suna Bala Miller Show. Ta nan mutanen da ba su taɓa taka ƙofar kulob ba suka ga ƙungiyar daga ɗakunansu, daga Sakkwato har Fatakwal. Iyayenmu da suka yi zaman birni a wancan lokaci, da yawansu za su tuna.

A 2001 wani kamfanin faifai na Landan, Strut, ya fitar da kundin Nigeria 70, wanda ya tattaro fitattun kiɗan Najeriya na shekarun 1970. A ciki, tare da su Fela da Tony Allen da Sunny Ade da Victor Uwaifo, akwai “Ikon Allah”. Ta haka waƙar Hausa da aka yi da mabusan Kaduna ta isa kunnen matasa a Turai da Amurka. Bala Miller ya rasu a 2003.

Masu sauraro, ga abin da ya sa muka ɗauko wannan labari. Yau a Dutse da Kano matashi zai shiga situdiyo, a danna fiyano da kwamfuta, cikin yini guda waƙa ta fito. Wannan ci gaba ne, ya buɗe wa dubban yara hanyar abinci. Amma ya zo da asara. Muryar busar da kuke ji a yawancin waƙoƙin yanzu ba ƙirjin mutum ya fitar da ita ba. A wurin biki kuma sau da yawa faifai ake sakawa, mawaƙi ya bi da baki. Idan muka ci gaba a haka, za a wayi gari muna da mawaƙa rututu, babu makaɗa, babu mabusa. Kuma asarar ba za ta tsaya a kan tirampet ba. Gidajen masu kakaki da algaita su ma suna bukatar magada, in ba haka ba wa zai busa wa Sarki nan da shekara 30?

Abin da Bala Miller ya nuna shi ne gwani ba ya faɗowa daga sama. Ana ba yaro kaya, a ba shi malami, a ba shi lokaci. Da yawa daga makarantunmu suna da 'yan ganguna da begila na faretin ranar yara ta 27 ga Mayu da na 1 ga Oktoba, ana gamawa a kulle su a sito sai baɗi. Muna roƙon shugabannin makarantu su fito da su duk mako. Tsofaffin 'yan badujalar soja da na 'yan sanda da suka yi ritaya suna nan cikin garuruwanmu, a nemo su su koyar. Hukumomin raya al'adu na jiha da masarauta su zauna da sarakunan busa, a ɗauki sautinsu, a rubuta iliminsu, a tallafa wa 'ya'yansu da ke son riƙe sana'ar. Ku kuma iyaye, idan yaro ya nuna baiwa, ku tsaya masa a kan karatunsa da tarbiyyarsa, sannan ku bar shi ya koya a hannun na gari. Wannan sana'a tana koya haƙuri da kiyaye lokaci da sauraron na kusa da kai.

Audu Baƙo ya taɓa buɗe wannan hanya lokacin muna jiha ɗaya da Kano. Jigawa ta kai ta buɗe tata.

A nan muka kawo ƙarshen shirinmu na musamman.  Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa. Mu kwana lafiya.

(KIƊAN RUFE SHIRI)